Kano Zuwa Yamai: Tafiyar Awa Ɗaya da Ke Cin Kwana

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita wajen 3,400. Idan hanya lafiya lau take, jirgin alhazai kan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Maniyyacin da ya tashi da sassafe zai yi la'asar a Saudiyya, duk da cewa agogon can ya riga na Najeriya da awa biyu. Tsakanin Kano da Yamai, babban birnin Nijar, kuwa kilomita 700 ne da 'yan kai, kashi ɗaya cikin biyar na hanyar Jidda ke nan, tafiyar da jirgi irin mai zuwa Legas kullum zai gama cikin awa ɗaya da kwata. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je neman tikitin Yamai, abin da aka fi miƙa masa shi ne tafiyar yini guda cur, sau da yawa har da kwanan hanya. Alhajin da suka yi sallama da shi a ƙofar filin jirgi yana iya gama ɗawafi da sa'ayi, shi ko bai hango kogin Kwara ba tukuna.

Ƙasa ba ta ƙara faɗi ba, jirage kuma ba su rage gudu ba. Abin da ya tsawaita hanyar aikin mutane ne: yarjejeniyar da aka sa wa hannu aka ajiye, harajin da aka jibga wa tikiti, da tsohuwar al'adar da ta sa kowane layin jirgi a wannan yanki ya fuskanci bakin teku. Tunda hannu ne ya ƙulla, hannu na iya kwancewa, kuma lokaci ya yi da Kano da maƙwabtanta za su tashi tsaye su nemi a kwance.

A shimfiɗa taswira, a ja zare daga Yamai zuwa Njamena, babban birnin Cadi. Tsawonsa kilomita 1,400 ne, kuma zai ratsa ta wajajen Daura, ƙasa da kilomita 100 arewa da Kano. Jirgin da ya taso daga Yamai ya yada zango a Kano kafin ya wuce Njamena, abin da ya ƙara wa hanyarsa bai kai kilomita 20 ba. Kano na zaune daidai tsakiya, 700 ta yamma, 700 ta gabas. Legas, wadda jirage ke zuwa daga Kano safe da yamma, nisanta ya haura kilomita 830. Manyan biranen ƙasashe biyu ke nan suka fi Legas kusa da Kano. Garwa ta Kamaru kilomita 600 ce da ɗoriya, Damagaram kuwa 200 kacal.

To, ga yadda tafiyar take a aikace. Fasinja zai fara yin kudu zuwa Legas ko Abuja. Daga can ya kama jirgin ASKY zuwa Lome, ko na Air Côte d'Ivoire zuwa Abidjan, ya sauka, ya jira, sannan ya sake yo arewa. Ta Legas da Lome, kilomita 700 sun koma kusan 1,900, tashi ɗaya ya zama uku. Da yake galibi jirgin cikin gida da na waje ba tikiti ɗaya ba ne, idan na Kano ya makara, asarar na gaba a wuyan fasinja take. Shi ya sa wanda ya san hanya kan riga ya sauka Legas tun jajibirin tafiya, ya biya kuɗin masauki. Wanda kuma ya fi son kamfani ɗaya tun daga Kano, akwai Ethiopian Airlines mai zuwa biranen biyu: kilomita 3,300 zuwa Addis Ababa, sannan 4,000 a dawo yamma, a wuce ta saman ƙasar Hausa, a sauka Yamai. Jimilla 7,300, ninki goma na hanyar asali, awa goma ko kusa da haka a sararin samaniya.

Mutane da yawa kan ɗauka cewa lokacin jirgi lissafin nisa da gudu ne kawai. Jirgin fasinja na zamani, idan ya kai tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, yana gudun kilomita 800 zuwa 850 a awa. Da wannan lissafi, Kano zuwa Abuja mai kilomita 365 ba za ta kai rabin awa ba, amma abin da ake rubutawa a tikiti ya kusa awa guda. Agogon kamfani na fara aiki ne tun daga lokacin da aka janye jirgi daga inda ya yi lodi. Zai gangara zuwa titin tashi, ya jira izinin hasumiya, ya hau sama a hankali, ya fara saukowa tun da sauran fiye da kilomita 100 a gabansa, ya bi layin masu sauka. Kowace sauka da tashi na cin wajen rabin awa ko da komai ya tafi daidai. A haɗa da binciken kaya, da layin jami'an shige da fice, da zaman jiran jirgi na gaba, da hazon hunturu da kan hana matuƙi ganin titi, za a ga yawan zango ne ke cinye ranar matafiyi, fiye da yawan kilomita.

Shekarar 2023 ta nuna wa kowa cewa sama ma tana da iyakoki da ƙofofi. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura makonni kaɗan a fara jigilar maniyyata. Hanyar Jidda daga arewacin Najeriya ta saman Cadi da Sudan take bi. Da aka toshe ta dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta yi tsawo, shan mai ya ƙaru, har kamfanonin jigila suka nemi hukumar alhazai ta NAHCON ta ƙara musu dala 250 a kan kowace kujera. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi har da hana zirga-zirgar jirage, su kuma sababbin mahukuntan Yamai suka rufe sararinsu ranar 6 ga Agusta. Jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka shiga nasu zagayen, domin Libiya da Sudan ma ba su biyuwa. Nijar ta buɗe samanta a farkon Satumba, amma tsakaninta da Najeriya sai da aka kai Maris 2024 kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakokin ƙasa da na sama. Takarda ɗaya da aka sa wa hannu ta ƙara wa tafiya awoyi, wata takardar ta rage su.

Duk da haka biranen nan uku, Kano da Yamai da Njamena, ba su taɓa daina magana da juna a kan harkar jirage ba. A tsarin hukumar kula da sufurin sama ta duniya, ICAO, sararin samaniyar Najeriya baki ɗayansa sunan Kano yake amsawa, maƙwabtansa na arewa da gabas kuma su ne yankin Yamai da yankin Njamena, waɗanda hukumar ASECNA ke kula da su. Dare da rana jami'an kula da zirga-zirga na miƙa wa juna jiragen da suka taso daga Turai za su kudancin nahiya. Ma'aikata akwai, na'urori akwai, hanyoyin sama a shate suke. Abin da aka rasa shi ne jirgi mai rana tsayayya da zai sauko ya ɗauki mutanen da ke ƙasa.

Ba haka aka faro ba. Jiragen farko da suka sauka Kano daga gabas suka fito. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na rundunar sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da Cadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kwana shida suka yi a tafiyar da jirgin EgyptAir ke yi yau cikin awa biyar ko ƙasa da haka. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe layin mako-mako daga Khartum zuwa Kano, yana sauka a garuruwa irin su El Obeid, El Fasher, Geneina, Abeche, Fort Lamy da Maiduguri. Fort Lamy ɗin nan ita ce aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Tun a 1936 ke nan mutumin Kano ya taɓa samun jirgin da zai kai shi babban birnin Cadi a ranar da aka ce.

Turawan ba sabuwar hanya suka ƙirƙiro ba, sawun alhazan ƙasa suka bi, waɗanda kan bar Kano ko Katsina a ƙafa ko bisa jaki, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna noma da ƙwadago don neman guzuri, wasu su yi shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Zuriyar waɗanda suka zauna a hanya na nan a Njamena da Abeche da Nyala, har Mai Wurno ta Sudan. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta Gana wannan layi suka bi, ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Bayan yaƙi Kano ta zama wurin shan man jiragen Turai masu zuwa Kongo da Afirka ta Kudu. KLM ya fara sauka a 1947, bai daina ba sai 2012.

Zuwan jirage masu cin dogon zango ba tare da ƙarin mai ba shi ya rage wa Kano wannan matsayi, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Inda aka yi sake shi ne wajen abin da aka gina domin mutanen yankin. Kamfanin WAAC da aka kafa a 1946 ƙasashen da Ingila ke mulka ya haɗa: Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Air Afrique, wanda ƙasashe 11 rainon Faransa suka kafa a 1961, ciki har da Nijar da Cadi, ya ɗaure Yamai da Njamena da Abidjan da Dakar da Paris. Iyakar da Turawa suka shata tsakanin Katsina da Maraɗi sai aka ɗaga ta aka kai sama. Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi bayansa a 2003. ASKY da ya fara aiki a 2010 da Air Côte d'Ivoire da ya biyo baya a 2012 sun yi ƙoƙarin cike gurbin, sun kuma cancanci yabo, sai dai cibiyoyinsu duka a bakin teku suke.

Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take, kuma babu inda ake gwada ƙafar nan kamar wannan iyaka. Dillalan hatsi na Dawanau, masu atamfa da shadda na Kantin Kwari, fataken dabbobi da albasa da wake daga Nijar, ɗaliban Najeriya a jami'o'in Maraɗi da Jami'ar Musulunci ta Say kusa da Yamai, marasa lafiya masu zuwa asibitocin Kano, 'yan fim da mawaƙa masu cika filaye a Nijar, masu zuwa biki da suna da ta'aziyya, kusan dukkansu a mota suke tafiya. Daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai, sama da kilomita 900 ne, ga shingayen bincike barkatai, ga fargabar 'yan bindiga a wasu sassan hanyar. Ta gabas abin ya fi tsanani. Mai zuwa Njamena sai ya bi Potiskum, Damaturu, Maiduguri, Dikwa da Gamboru Ngala, ya tsallaka Fotokol ta Kamaru, ya kai Kusiri, sannan ya haye gadar kogin Logone, hanyar da rikicin Boko Haram ya hana bi tsawon shekaru.

Matashi mai jini a jika zai jure. Dattijon da aka yi wa wayar rasuwar ɗan'uwansa kuwa ba zai riski jana'iza ba. Likitan da zai iya zuwa Yamai da safe ya yi tiyata ya dawo da dare ba zai bar asibitinsa kwana uku ba. Attajirin da ke son ganin kaya da idonsa a Njamena sai ya aika yaro, ko ya haƙura da cinikin. Irin wannan asara ba ta shiga kundin ƙididdiga, domin tafiyar da aka fasa ba ta barin rasit. Jami'an gwamnati ma ba su tsira ba: hedkwatar Hukumar Tafkin Cadi a Njamena take, ta Hukumar Kogin Kwara a Yamai, kuma Najeriya mamba ce a duka biyun.

Me ya hana kamfanoni shiga su ci wannan kasuwa? Da farko doka. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944 kowace ƙasa ita ke da iko da samanta, kuma jirgin kasuwa ba ya tsallaka iyaka sai ƙasashen biyu sun yi ittifaƙi a kan kamfanin da zai zo, filin da zai sauka, da sau nawa a mako. Mafi wuyar samu shi ne izinin da masana ke kira 'yanci na biyar, wato a bar jirgi ya ɗauki fasinja tsakanin ƙasashe biyu da ba nasa ba. Idan babu shi, jirgin Nijar da ya sauke mutane a Kano ba zai iya cike kujerun da masu zuwa Njamena ba, sai ya wuce da su wayam. Ministocin Afirka sun amince a warware wannan tun a Yamoussoukro, da sanarwar 1988 da ƙudurin 1999. A Janairu 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya, SAATM, Najeriya na sahun farko na waɗanda suka shiga. Wani bincike da ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa buɗe sama tsakanin ƙasashe 12 kawai, ciki har da Najeriya, zai samar da ayyuka 155,000 da ƙarin dala biliyan 1.3 a shekara. Amma nahiyar da ke da kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, har yanzu rabonta a zirga-zirgar jirage bai wuce kashi 2 da ɗoriya ba.

Na biyu kuɗi. Da zarar jirgi ya tsallaka iyaka, ko da ta Jibiya ce, tikitinsa ya zama na ƙasa da ƙasa. Kuɗin hidimar fasinja da ake karɓa da naira a tafiyar Legas sai ya koma dala, ya ninka sau da yawa. A ɗora kuɗin tsaro, da kashi 5 cikin 100 na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da abin da filin can zai karɓa a dawowa. A tikitin Landan wannan ɗan kaso ne. A tafiyar awa ɗaya yana iya zama babban ɓangare na farashin. Shugabannin ECOWAS sun gane haka. A taronsu na Disamba 2024 a Abuja suka yanke shawarar soke wasu haraji da rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100 daga Janairu 2026. Mataki ne mai kyau, sai dai layin Yamai, Kano, Njamena ba ya ƙarƙashinsa. Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso a Janairu 2025, Cadi kuwa ba ta taɓa zama mamba ba. Sauƙin zai tafi Akra da Abidjan da Dakar, ya bar Sahel inda take.

Akwai masu cewa babu fasinjan, wai mai hawa motar Maraɗi ba zai iya kuɗin jirgi ba. Gaskiya ne mafi yawa ba za su iya ba, kuma babu mai cewa filin jirgi zai maye gurbin tasha. Amma ba dubbai ake nema ba. Jirgi mai farfela ƙirar ATR 72 kujeru 70 gare shi, gudunsa wajen kilomita 500 a awa, zai kai Yamai daga Kano cikin ƙasa da awa biyu, kuma ba ya shan mai kamar manyan jirage. Embraer 145, irin wanda kamfanin Rano Air ke aiki da shi, kujeru 50 ne. Sau uku a mako, mutum 150 zuwa 210 ke nan kowane ɓangare. Birnin da ke cika jiragen Jidda da Alƙahira da Addis Ababa da 'yan kasuwa da masu umara ba zai rasa wannan adadi ba, balle a haɗa da Katsina da Jigawa da Zariya. Kuma kuskure ne a auna buƙata da yawan waɗanda suka daure suka yi zagayen Lome, domin waɗannan su ne 'yan kaɗan da dole ta kama.

Akwai kuma batun siyasa da tsaro. Dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami tun 2023, har an yi zarge-zarge a bainar jama'a. Wannan dalili ne na taka-tsantsan, amma bai isa ya sa a naɗe hannu ba. Fasinjan jirgi da takardun shaida yake shiga, sunansa na cikin jerin da hukumomi za su iya dubawa, an kuma binciki jakarsa kafin ya tashi. A duk tsawon iyakar nan mai kusan kilomita 1,500 babu wata mashiga da ta kai wannan tsabta. A Afrilu 2025 Ministan Harkokin Wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai domin farfaɗo da hulɗa, kuma layin jirgi na cikin abubuwan da za a iya daidaitawa a kansu ba tare da wani ɓangare ya janye matsayinsa game da ECOWAS ba.

Sai masu nuna layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Babban aiki ne, zai kuma sauƙaƙa dakon kaya. Amma a Maraɗi zai tsaya, saura fiye da kilomita 600 a kai Yamai, kuma babu reshensa da ya nufi Cadi. Abin da dogon ya tabbatar shi ne gwamnati ta yarda cinikin wannan hanya ya cancanci a kashe masa kusan dala biliyan 2. Layin jirgin sama kuwa ba ya buƙatar a shimfiɗa ko taku ɗaya na ƙarfe, domin filayen uku a gine suke. An sabunta filin Diori Hamani na Yamai a 2019 saboda taron Tarayyar Afirka, taron da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta AfCFTA. Kano na da sabon ginin matafiya ƙasashen waje, Njamena na da filin Hassan Djamous.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Najeriya da Nijar da Cadi su zauna su uku, su ba juna 'yanci na biyar a kan layin Yamai, Kano, Njamena, ta yadda kamfanin kowace daga cikinsu zai iya lodi a kowane zango. Su kuma amince cewa tafiyar maƙwabtaka irin wannan za ta biya kuɗin filin jirgi daidai da na cikin gida, da naira ko sefa. Baitulmali ba zai yi asarar komai ba, tunda yanzu ma babu abin kirki da yake samu daga fasinjan da ya bi ta Jibiya a mota.

Sannan a riƙe hannun layin har ya iya tsayuwa. Sabon layi ba ya cika a watan farko. Ɗan kasuwa sai ya ga jirgi na tashi a ranakunsa, ba a soke shi don kujeru ba su cika ba, kafin ya tsara harkarsa a kai. Amurka na tallafa wa jiragen ƙananan garuruwa tun 1978, Indiya ta fito da nata shirin, UDAN, a 2016. A gida ma, jihar Akwa Ibom ta kafa Ibom Air a 2019, yau yana zuwa har Akra. Jihohin arewa ba sai sun sayi jirgi ba. Ya isa su lamunce wa kamfanin da ya ci gwanjon kwangila wani adadin kujeru na shekara biyu, bisa sharaɗin kiyaye lokaci, a kuma riƙa bayyana wa jama'a yawan fasinja da abin da aka biya. Idan aka daidaita lokacin tashinsa da jiragen Jidda da Alƙahira da Addis Ababa, ribar za ta wuce layin kansa. Mutumin Damagaram mai zuwa gabas, idan ya bi ta babban birnin ƙasarsa, sai ya yi kusan kilomita 900 a mota zuwa yamma kafin ya juyo, alhali ga Kano kudu da shi; ƙaramin reshe zuwa Damagaram da Maraɗi zai mayar da filin Malam Aminu mahaɗar yankin baki ɗaya.

Teburin da za a yi wannan magana ma akwai shi. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, hedkwatarta a Yamai, kuma irin wannan aiki aka kafa ta domin shi. Gwamnonin Kano da Katsina da Jigawa, tare da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA da shugabannin Kantin Kwari da Dawanau, su ya kamata su rubuta buƙatar, su haɗa ta da ƙididdigar matafiyan da ke tsallaka Jibiya da Maigatari da Gamboru, su kai ta Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama a Abuja, su nemi a gayyato Cadi, a kuma sa batun a ajandar zaman hukumar na gaba tare da ranar da jirgin farko zai tashi.